Abin da Amatullah ta Ɗebo a Ƙorama

"Ba ciki ba ne, na gaya miki. Ki daina murza gyalen nan kafin ki yaga shi."

"To jinin fa, Malama?"

"Jinin ne ya sa na tsayar da ke." Malama Karima, ma'aikaciyar asibitin, ta ɗaga 'yar kwalbar ta nuna ta ga hasken taga. Fitsarin da ke ciki ja-ja ne, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. "Tun yaushe kike ganin wannan?"

Amatullah ta sunkuyar da kai. Gwajin kafin aure ne ya kawo ta Kankiya, don yanzu limamin ƙauyensu da ke kusa da Ƙofa ba ya ɗaura aure sai an je asibiti an dawo. 'Yan matan da suka shigo tare da ita duk sun fita suna dariya. Ita kaɗai aka ce ta koma ta zauna.

"Tun farkon damina," ta ce a hankali. "Ƙarshen fitsari yake zuwa. Na ɗauka zafi ne."

"Tsargiya ce."

Amatullah ta ɗago da sauri. "Tsargiya kuma? Ai ta yara maza ce."

"Tsutsa ba ta tambayar namiji ne ko mace, ƙanwata, fata kawai take nema. Wane ruwa kike shiga?"

"Ba na shiga ruwa. Famfo ne a ƙofar gidanmu."

Malama Karima ta dube ta ta saman tabarau, irin kallon wadda ta sha jin wannan amsa. Ba ta musa ba. Ta jawo kujera kusa, ta yi mata bayani kamar mai ba da labarin wani maƙwabci mugu. Mai ciwon ya yi fitsari a tafki ko ƙorama, ƙwan tsutsa ya bi ruwan ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya nemi 'yar katantanwar nan da ke manne a jikin ciyawa ya shige cikinta, ya hayayyafa, sannan ya fito yana yawo a ruwa, ido ba ya ganinsa, ya fi yawa idan rana ta take. Duk wanda ya sa ƙafa, ta fata zai shige shi. Ba a ɗaukarta a shimfiɗa, ba a ɗaukarta a ƙwaryar abinci, sai a ruwa.

"In aka bar ta, takan ci mafitsara. A jikin mace kuma tana kaiwa har mahaifa, ta yi gyambo, wata ta yi ta neman haihuwa ana ce mata sanyi ne. Ke kin taki sa'a, da wuri aka gani." Ta ɗora ta a kan ma'auni, ta ƙulle mata fararen ƙwayoyi manya a takarda. "Kada ki kuskura ki sha da yunwa. Ki ci ki ƙoshi tukuna, don yana sa jiri da tashin zuciya. Kuma ruwan nan da ba kya shiga, ki ƙara daina shigarsa."

A kan bencin waje kakarta Inno na zaune ta miƙe ƙafafu. A gefenta kuwa Lami ce, maƙwabciyarsu, wadda ta kawo jaririnta rigakafi. Gaban Amatullah ya faɗi. Ta tuna ɗazu da ta fito daga bayi riƙe da kwalbar, ta rufe ta da gefen gyale, amma iska ta ɗaga gyalen daidai gaban Lami.

"Amarya, an daɗe ana ganawa," in ji Lami tana murmushi, tana jijjiga yaron. "Lahiya dai ko?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Allah shi rufa asiri."

Addu'a ce mai kyau, amma yadda ta ja ƙarshenta ya sa Amatullah ta gane Lami ta ga kwalbar.

A motar komawa Kusada, an matse su tsakanin buhunan dawa da wata Bafillatana mai ƙwaryar nono a cinya, Amatullah ta kafa ido a taga ba ta ganin komai sai ruwan ƙoramar.

Malam Ɗalha, mahaifinta, mutum ne da ba ya alfahari da gona ko shanu. Alfaharinsa ɗaya ne, ɗiyarsa. Uwarta ta rasu tun tana goye, shi da Inno suka raine ta, kuma duk majalisar ƙofar masallaci ta san maganarsa: Amatullah daga gida sai Islamiyya, ko bakin rijiya ba ta sani ba. Gaskiya yake faɗa, har zuwa ranin da ya wuce.

A ranin ne aka kai gaisuwar Sada gidansu. Sada manomin rani ne, lambunsa na albasa da tumatir yana tsallaken ƙoramar da ke gangarowa daga dam ɗin bayan gari, wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Zance a zaure, Inno tana tari da gangan a bayan ƙyaure, bai ishi zuciyar Amatullah ba. Tana son ta gan shi a inda yake shi, ba cikin babbar riga yana in-ina ba. Hanyar gada tana nan, amma ta gaban majalisar babanta ta bi. Don haka in an tashi daga Islamiyya da rana, sai ta zaga ta bayan rumbuna, ta cire takalma, ta tattare zani zuwa gwiwa, ta ratsa ruwan a wurin da ya yi faɗi ya kwanta, inda ciyawa ta yi yawa ta ɓoye mutum.

Ruwan ɗumi ne, laka na shiga tsakanin yatsunta, 'yan katantanwa na nan birjik a jikin ganye kamar an watsa tsakiyar sarƙar wuya. Ta sha tsinko ɗaya ta juya ta a tafin hannu don kyanta. A tsallake Sada zai kashe injin ban-ruwa, ya fito jiƙe sharkaf har ƙugu, ya tsinko mata tumatir mafi ja ya goge a rigarsa. Tana ƙarƙashin mangwaro, shi yana kan kunya, tsakaninsu kwamin albasa guda, ko gefen mayafinta bai taɓa taɓawa ba. Ya gaya mata irin ɗakin da zai gina mata, da tagar da zai fasa ta gabas don ta riƙa karatu da safe. In ta dawo gida ƙafafunta su yi ta ƙaiƙayi, su yi 'yan ƙuraje, ta shafa man kaɗe tana murmushi. A lokacin gani take ƙaiƙayin ma na soyayya ne.

Maganar Lami ta riga su isa gida. Washegari da Amatullah ta fita famfo, matan da ke layi suka yi shiru lokaci guda, wata ta dubi cikinta kafin ta dubi fuskarta. Kafin azahar labarin ya yi rassa: wai an riƙe ta a ɗakin gwaji, wai kwalbarta jini ce zalla, wai irin jinin da kan biyo bayan abin da aka yi ƙoƙarin zubarwa. Kafin la'asar gwaggon Sada ta aiko: lefen da za a kawo ranar kasuwar Kusada, a ɗan dakata, ɗinki bai kammala ba.

Kowa ya san ɗinkin ya kammala tun tuni.

Labarin ya kai kunnen Malam Ɗalha. Ya dawo daga masallaci ya shige ɗakinsa, aka kai tuwo aka dawo da shi ko malmala ɗaya bai ɓata ba. Washegari bai zauna a majalisa ba. Wannan ya fi duka zafi a wurin Amatullah. Ƙwayoyin suna nan a ƙasan akwatinta, kullum ta ɗauko ta duba ta mayar, ita kanta ba ta san abin da take jira ba.

Inno ce ta tare ta a madafa.

"Ke, ja'ira. Zo nan ki gaya mani. Mi matar nan ta asibiti ta ce maki?"

"Na gaya miki, Inno. Tsargiya."

"Tsargiya." Tsohuwar ta maimaita kalmar kamar mai tauna tsakuwa. "Na haifi maza, na ga tsargiya. Ubanki ya yi ta, baffanninki sun yi ta. In yaro ya fara jan fitsari cewa muke ya kama hanyar zama namiji, har tsiya ake yi mashi. Amma ɗiya mace? Wadda ko wanki a tsakar gida take yi? Ki nemo wata ƙaryar, wagga ba ta da ƙafa."

"Wallahi ita ce."

"To a randar gidan nan kika ɗebo ta?"

Amatullah ta ci gaba da iza wuta, hayaƙi ya ba ta dalilin hawaye. A nan ta gane tarkon da take ciki. In ta ce tsargiya ce, dole ta faɗi ruwan da ta shiga, da abin da ya kai ta. In ta yi shiru, an riga an zaɓa mata wani laifin, wanda ya fi nata girma nesa ba kusa ba.

Sada ya zo bayan la'asar. Ya rame a 'yan kwanakin, ko hula bai sa daidai ba. Suka tsaya a zaure, shi a bakin ƙofar waje, ita a ta ciki.

"Ranki shi daɗe," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "An ce mani kin zama abin labari, har kin fi farashin albasa."

"Wasa ma kake yi."

"In ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma bai dace da gemuna ba." Sai ya rage murya. "Amatu, ni ban tambaye ki komai ba, kuma ba zan tambaya ba. Na san wadda na nema."

Ta gaya masa duk abin da Malama Karima ta ce, da ƙwan, da katantanwar, da ruwan rana tsaka. Yana ji yana kaɗa kai, har ta kai ƙarshe, sai ya saki ajiyar zuciya ya yi 'yar dariya.

"Ashe tsargiya ce kawai. Ai da ita muka girma. Ni har yau ina ganinta in aiki ya yi yawa. Duk mutanen lambu haka muke."

"Har yau?"

"Ba ta hana ni komai ba."

"In fitsari ya kama ka kana ban-ruwa, ina kake yi?"

Ya dubi ƙasa.

"A ruwan," ta amsa masa da kanta. "Kai da abokanka kuna zubawa, katantanwa tana raino, ni kuma na tattare zani na zo na kwasa. Ka ce ba ta hana ka komai ba. Malama ta ce tana cin mafitsara a hankali, sai mutum ya manyanta ta kwantar da shi. Ta ce tana hana mace haihuwa, Sada. Ni da nake lissafin sunayen 'ya'yanmu a ƙarƙashin mangwaron can."

Dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya.

"To bari in je in gaya wa su Gwaggo daga wurina kika samu."

"Ka ce mene? Ka je ka ce musu amaryarka ta ɗauki ciwo daga jikinka kafin aure? Wa zai tsaya jin zancen katantanwa?"

Ya dafe kai. "To ki sha maganinki a ɗaki, ki warke. Aure kuwa sai an ɗaura, ko da lefe ko babu. In surutu ya yi yawa in kama mana ɗaki a Kusada, in riƙa zuwa lambu a kan mashin. Za su gaji su bari."

"Su bari? Ranar da na haihu, da yatsu za su ƙirga watanni. In kuma haihuwar ta yi jinkiri su ce abin da na zubar ne ya lalata ni. Da wannan sunan zan shiga gidanku in durƙusa in gaida mahaifiyarka? Babana fa, shi ina zai koma? Kusadar zai bi mu?"

Ana cikin haka ne suka jiyo muryar mai shela daga wajen masallaci, yana tafe yana maimaitawa, muryar na kusantowa.

"Jama'a ana gaishe ku. Mai Unguwa ya ce a gaya maku, gobe da hantsi ma'aikatan lahiya na Kusada za su raba maganin tsargiya a ƙofar gidanshi. Bana har da manya, duk mai shiga ruwa, manomi da masunci da mai wanki. Kowa shi ci abinci kafin shi zo. Wanda bai ci ba kada shi zo. Mai ciki kada ta zo, ba a ba ta a layi, sai dai ta tahi asibiti."

Ya wuce, ya sake farowa daga farko a lungu na gaba.

Amatullah ta tsaya cak. Ta san rabon nan. Duk shekara ana yi wa 'yan makaranta, a tsayar da yaro jikin wata sanda mai launi-launi, tsawonsa ya nuna yawan ƙwayar da zai sha, ya haɗiye a gaban mai rabon. Kuma babu macen da ba ta san ƙa'idar masu rabon ba. Malama Karima ta ce a asibiti ana ba mai ciki ma idan an duba ta, amma a layin ƙofar Mai Unguwa ba a taɓa yi ba. Matan garin sun wuce nan ma, sun yi imani ko warinsa mai ciki ta ji sai ta yi ɓari. Wadda kuwa ta yi ɓari kwanan nan ko ta sha wani abu, a ganinsu ba za ta yarda ta tunkari wannan ƙwaya ba.

"Mi kike tunani?" in ji Sada. "Ba na son irin wannan kallon naki."

"Gobe za ka zo layin?"

"Ni? Cikin yara?"

"Kai da duk wanda ke ban-ruwa a ƙoramar nan. In kun sha kuka koma kuna yi a ruwa, aikin banza ne, shekara mai zuwa tana nan. Ka haƙa rami a bayan lambu, nesa da ruwa, ka kewaye shi da zana. Ka nemi dogon takalmin roba. Ba zan yi takaba da ƙuruciyata saboda katantanwa ba."

"Zan zo," ya ce. "Amma ke kina da naki a ɗaki. Amatu, maganin nan yana juya mutum. Na ga ƙato ya sha ya zauna daɓas a ƙasa. In kika yi amai a gaban matan nan, kin san sunan da za su ba shi."

Ta sani. Laulayi za su ce. Amai ɗaya, shi ke nan an buga mata hatimi har abada. Ta tuna tun ranar asibiti ba ta ci abin kirki ba, ta tuna ko ƙwayar zazzaɓi da ƙyar take wuce mata maƙogwaro. Sannan ga layin kansa: budurwa, amarya, ɗiyar Malam Ɗalha, tsaye tsakanin masunta da masu wankin ƙorama. Tsayuwar kaɗai shaida ce cewa ta shiga ruwa, kuma kowa ya san lambun wa ke tsallake.

Ta juya ta shiga gida ba ta yi masa sallama ba.

Malam Ɗalha yana tsakar gida a kan buzu, carbi a hannu amma ba ya ja. Inno tana gefe tana tsince wake. Amatullah ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba."

Bai ɗago ba. "Ina jin ki."

"Abin da ake faɗa a kaina ba haka ba ne. Tsargiya ce gare ni."

"Haka Inno ta ce kin ce." Muryarsa a dushe take. "Tsargiya a ruwa take. Wane ruwa kika shiga?"

"Ƙoramar bayan gari."

Hannun Inno ya tsaya a cikin faifai.

"Mi ya kai ki?"

"Lambun Sada. Da rani, in an tashi Islamiyya. Na ƙi bin gada don kada ka gan ni." Hawaye suka ɓalle mata, ba ta share ba. "Magana kawai muke yi, Baba, daga nesa, Allah ne shaidata. Amma na je, kuma ba sau ɗaya ba. Kana gaya wa mutane ban san hanyar rijiya ba, ni kuwa ina cikin ruwa har gwiwa."

Malam Ɗalha ya rufe ido. Ta ga jijiyar gefen kansa tana motsi. Ta jira tsawa, ta jira mari, duk ba su zo ba. Da ya buɗe idon sun yi ja, amma kafaɗunsa da suka kwana biyu a ɗaure sun ɗan sauka.

"Kin ba ni kunya," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Amma ba wadda na kwana ina roƙon Allah a kanta ba." Ya juya carbin sau ɗaya. "An ba ki magani?"

"An ba ni."

"To ki shiga ɗaki ki sha. Maganar ƙorama ta tsaya a gidan nan."

"Ai ko ta shige rumbu ta sha, bakin Lami ba shi rufuwa," in ji Inno, tana kallon jikarta da wani sabon ido. "Kai ka yarda don ɗiyarka ce. Su wa zai gaya masu? Ke kuma 'yar nema, ashe kada muke kiwo a gidan nan ba mu sani ba."

Amatullah ta goge fuska da gefen zani. Tana hango sandar mai launi, da idanun matan famfo, da ƙasar ƙofar Mai Unguwa inda amai zai iya zuba. Ta miƙe tsaye duk da haka.

"Ka yi haƙuri, Baba, ba a ɗaki zan sha ba. Na asibitin zan mayar wa masu rabo. Inno, gobe da sassafe ki tuƙa mini tuwon dawa mai tauri, ki dama fura mai kauri, ki tsaya a kaina sai na cinye ko ina kuka. Da hantsi zan je ƙofar Mai Unguwa in shiga layi, a auna ni da sandar, in haɗiye shi a gaban Lami da gwaggon Sada da duk wadda ta zo kallo. Wanda ya tambaye ni ruwan da na shiga, zan gaya masa."